Sashen Kulawa ta Musamman na Wani Asibiti a Gombe: Abin da Na Gani a Kwana Tara na Jinyar Hantar Ƙanena

Ƙanena birkila ne, shekararsa 34, yana zaune a Bolari tare da matarsa da 'ya'yansu uku, kuma a iya sanina bai taɓa kwana a gadon asibiti ba kafin hunturun da ya gabata. Ciwon haƙori ne ya kai shi sashen kulawa ta musamman, ko kuma in ce maganin da ya sha domin ciwon haƙorin. Na rubuta wannan sharhi ne domin duk wanda irin wannan lalura za ta samu a Gombe ya san abin da zai tarar, na yabo da na suka, kuma ba zan ambaci sunan asibitin ko na wani ma'aikacinsa ba, saboda cikin abin da zan faɗa akwai ƙorafi.

Haƙorin ya matsa masa ne ana tsakiyar aikin wani gini, sai ya riƙa shan farasitamol ƙwaya biyu duk lokacin da zogin ya taso, da rana da tsakar dare, ba tare da duba agogo ba. Da abin ya ƙi ci, ya je wani kemis aka yi masa haɗi na ciwon jiki, sannan ya ƙara da maganin mura saboda ƙurar hunturu ta toshe masa hanci. Kwana huɗu ya yi a haka, kuma bai iya tauna komai ba sai ɗan koko da yake kurɓa. A rana ta biyar ya fara amai, muka kai shi wani ƙaramin asibiti, inda aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, aka sa masa ƙarin ruwa, aka kuma yi masa allurar farasitamol. Washegari da idanunsa suka yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, yana dafe da gefen cikinsa na dama, sai muka ɗauke shi zuwa babban asibitin da nake magana a kansa.

Abu na farko da zan yaba, kuma shi ne mafi girma a wurina, shi ne tambayoyin da matashin likitan ɗakin gaggawa ya yi. Bai tsaya a kan sunan maganin ba. Ya tambayi matar ƙanena ƙwaya nawa, sau nawa a rana, tun yaushe, kuma yaushe ne ya sha na ƙarshe. Da ya ga amsoshin ba su daidaita ba, sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ka taimaka ka koma gida ka tattaro mini duk ledar magani da kwalin da ka gani a ɗakinsa, har da wanda aka jefa a shara." Na yi mamakin wannan aike a lokacin da nake ganin ɗan'uwana yana neman fita hayyacinsa, amma na tafi. Da na dawo ya baje su a kan tebur yana ƙirga ramukan ƙwayoyin da aka ɓalle, ya nuna mini cewa farin maganin da ke cikin haɗin farasitamol ne, maganin murar ma akwai shi a ciki, wato magani guda ne ƙanena yake sha da sunaye uku. Iyakar abin da aka yarda babban mutum mai lafiya ya sha a cikin awa 24 shi ne giram 4, wato ƙwaya takwas masu nauyin miligiram 500, tare da barin tazarar awa huɗu zuwa shida tsakanin sha da sha. Lissafin likitan ya nuna ƙanena ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba, kwana huɗu a jere, ga shi siriri mai nauyin kilo 54, ga kuma yunwa.

Ya yi mini bayanin yadda abin yake da Hausa mai sauƙi, kuma na riƙe shi. Hanta tana sarrafa mafi yawan farasitamol ta hanyoyin da ba su da illa, ya fita ta fitsari, amma wani ɗan kaso yana rikiɗa ya zama guba da ake kira NAPQI. Akwai wani sinadari a hanta mai suna gulutatayon wanda yake kama wannan guba ya kashe kaifinta. Idan maganin ya yi yawa, ko mutum ya daɗe bai ci abinci ba, ko yana shan barasa, ko yana kan wasu magungunan tarin fuka ko na farfaɗiya, sai gulutatayon ya ƙare, gubar ta koma kan ƙwayoyin hantar kanta tana kashe su. Abin da ya sa cutar take yaudara shi ne a ranar farko ba a ganin komai sai tashin zuciya da amai, wani ma ba ya jin komai, sai a kwana na biyu da na uku gwajin jini ya fara nuna ɓarnar, sannan a kwana na uku zuwa na huɗu ta kai ƙololuwa. Mu mun iso ne a lokacin da ɓarnar ta riga ta bayyana a ido.

Gwajin farko ya fito da lambobi masu tayar da hankali. Sinadarin ALT, mai nuna yawan ɓarnar da hanta ta yi, wanda a mai lafiya ba ya wuce arba'in da 'yan kai, ya haura dubu huɗu. Gwajin daskarewar jini da ake kira INR, wanda ya kamata ya tsaya kusa da 1, ya kai 4. Sukarin jininsa ya faɗi ƙasa sosai. An gwada shi cutar hanta nau'in B da C, domin su ne abin da aka fara zato a yankinmu idan mutum ya zo da shawara, duka ba a samu ba. Asibitin ba shi da na'urar auna yawan farasitamol a jini, kuma likitan bai ɓoye mini hakan ba. Ya ce jadawalin da likitoci suke dogara da shi, wanda Rumack da Matthew suka fitar a 1975, yana aiki ne ga wanda ya sha maganin a tashi ɗaya kuma aka san lokacin, amma wanda ya riƙa sha a rarrabe na kwanaki kamar ƙanena, ba a jiran wannan gwaji, magani ake farawa nan take.

A nan ne na ga raunin asibitin mafi muni. Maganin wannan guba shi ne asetilsistin, wanda likitoci suke taƙaita sunansa zuwa NAC, kuma aikinsa shi ne taimaka wa hanta ta sake ƙera gulutatayon. Ba sabon magani ba ne, domin tun a shekarun 1970 Farfesa Laurie Prescott da abokan aikinsa suka fara ba da shi ta jijiya a Edinbara, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan aka fara shi cikin awa takwas da shan maganin, kusan gaba ɗaya yake kare hanta, kuma binciken da aka yi a asibitin King's College na Landan a 1991 ya nuna yana rage mutuwa har ga wanda hantarsa ta riga ta gaza. Duk da haka, da na miƙa takarda a kantin maganin asibitin, sai aka ce babu, ba kuma wai ya ƙare ba ne, ba a ajiye shi tun asali. Ƙarfe huɗu na yamma aka rubuta mini shi. Na zagaya manyan kantunan magani na cikin gari a kan babur, daga Sabon Layi zuwa Jekadafari zuwa Tudun Wada, wasu ma ba su taɓa jin sunansa ba, wasu suka miƙo mini na gari da ake jiƙawa domin tsinka majina. Sai wajen ƙarfe goma na dare na haɗa kwalba bakwai daga wurare biyu. Awa shida ke nan da suka tafi a banza a cutar da kowace awa take da daraja, kuma ba na ganin akwai uzurin da zai wanke asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman daga wannan sakaci.

Kowace ƙaramar kwalba tana ɗauke da giram 2. Tsarin da suka bi shi ne na awa 21, wato miligiram 150 ga kowane kilo na nauyin jiki a cikin awa ɗaya, sai miligiram 50 a cikin awa huɗu, sannan miligiram 100 a cikin awa 16, duka a cikin ƙarin ruwa. Ga mai kilo 54 wannan ya haura giram 16, kwalba bakwai kuwa giram 14 ne. Likitan ya lissafa cewa abin da muke da shi zai kai mu azahar ta washegari, ya kuma yi amfani da wayarsa ya kira wani abokin karatunsa a Kano, aka sa sauran a motar haya ta asuba, na karɓo a tasha saura kaɗan ledar ta ƙare. Wannan ƙoƙari nasa ne na kansa, ba tsarin asibiti ba ne, kuma wanda ya zo a ranar da ba shi ne a bakin aiki ba, ban san yadda zai ƙare ba. Ana cikin leda ta farko fuskar ƙanena ta yi ja, jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi, sai ma'aikaciyar jinya ta tsayar da ruwan, ta yi masa allurar rage ƙaiƙayi, bayan ya lafa ta ci gaba a hankali. Ta ce wannan sananne ne da maganin, kuma ba dalili ba ne na dainawa.

Da tsakar daren aka shigar da shi sashen kulawa ta musamman. Ɗaki ne mai gadaje kaɗan, mai tsabta ƙwarai, ba a shiga da takalmi, kuma ba a taɓa majinyaci sai an wanke hannu a gaban ma'aikata. Kowane gado yana da na'urar da ke nuna bugun zuciya da hawan jini da yawan iskar oksijin. Sau biyu aka ɗauke wuta ina ciki, na'urorin ba su ko ƙyafta ba saboda akwai batura. Sai dai ba na'urorin ne suka fi burge ni ba, ma'aikatan jinyar ne. Hantar da ta gaza ba ta iya riƙe sukarin jini, kuma faɗuwarsa tana iya kashe mutum yana kwance ana zaton barci yake yi, shi ya sa suke soka masa yatsa kowace awa, dare da rana, suna rubutawa a babbar takardar da ke ƙarshen gado. Na duba takardar nan da asuba fiye da sau ɗaya, da niyyar kama wurin da aka tsallake, ban samu ba. Fitsarin da ke taruwa a leda ma ana auna shi kowace awa. Sun ɗaga kan gadonsa kimanin digiri 30, suka hana a kwantar da shi shimfiɗe ko da ya nema, domin babban abin tsoro a wannan cuta shi ne kumburin ƙwaƙwalwa.

A kwana na biyu hankalinsa ya fara gushewa. Ya riƙa kiran matarsa da sunan Innarmu, yana barci da rana yana fizge-fizge da dare, idan aka ce ya miƙa hannuwa sai tafukansa su riƙa faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu. Wasu daga cikin dangi suka fara raɗa cewa iska ce. Babbar likitar sashen ta tara mu a baranda ta bayyana mana cewa dattin da hanta take tacewa, musamman amoniya, shi ne yake hawa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ruɗewa tana da mataki huɗu, shi yana na biyu, idan ya shiga na uku sai an sa masa bututun numfashi. Na roƙe ta a yi masa allurar barci saboda yadda yake ƙoƙarin cire robar hannunsa, ta ƙi, ta ce allurar za ta rufe musu alamar da suke gane ko yana gaba ko yana baya, hantarsa kuma ba za ta iya fitar da ita ba. Maimakon haka wani ma'aikacin jinya ya zauna a gefensa kusan dukan dare yana riƙe da hannunsa yana lallashinsa.

Yadda suka bi da dangi a kan maganin gargajiya ma abin lura ne. Innarmu ta zo da jiƙon rawaya a fulas, wanda kowa ya san shi ne abin da ake ba mai shawara a gida. Ma'aikaciyar jinyar ba ta yi mata tsawa ba, sai ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, hantar ɗanki yanzu ko abinci da ƙyar take ɗauka, duk abin da ya shiga cikinsa ita ce za ta yi aikinsa, ki bar mana shi, ke kuma ki riƙe mana addu'a." Inna ta mayar da fulas ɗinta cikin jaka ba tare da jin an wulaƙanta ta ba. Sun kuma bar malamin unguwarmu ya shiga na 'yan mintoci ya yi masa addu'a, da sharaɗin ba za a ba shi komai ya sha ba.

A kwana na uku INR ya haura 5, fitsari ya ragu sosai, kuma gwajin ƙoda ya nuna ita ma ta taɓu. Na tambayi babbar likitar me ya sa ba za a ƙara masa ruwan jini mai taimaka wa daskarewa ba, tunda ga 'yan'uwa a shirye su ba da jini. Ta ce muddin ba ya zubar da jini, kuma ba za a yi masa wani aiki mai huda jiki ba, ba sa gaggawar ba da shi, saboda zai gyara lambar INR a takarda alhali hantar tana nan yadda take, su kuwa da wannan lambar suke gane ko ta fara farfaɗowa. Sun ba shi sinadarin bitamin K, da maganin kare ciki daga gyambo, suka ci gaba da asetilsistin bayan awa 21 ɗin sun cika. Daga nan ta kira ni ofishinta ni kaɗai, ta ce, "Malam, kai ne babba, zan faɗa maka gaskiya." Ta bayyana mini ma'aunin King's College na 1989, wanda da shi ake gane majinyacin da zai yi wuya ya rayu ba tare da dashen hanta ba: ko dai jini ya yi tsami har lambar pH da ake auna tsaminsa da ita ta sauka ƙasa da 7.3 bayan an ba da isasshen ruwa, ko kuma abubuwa uku su haɗu, INR sama da 6.5, da sinadarin kiriyatinin na gwajin ƙoda sama da 300, da ruɗewa mataki na uku ko na huɗu. Ta ce ƙanena bai cika su ba, amma yana kusa, kuma idan ya cika, masu neman dashen hanta daga ƙasar nan Indiya ko Masar suke nufa, mutumin da ke cikin halinsa kuwa ba zai jure tafiyar ba ko da akwai kuɗin. Maganar ta yi mini nauyi, amma na fi son ta a kan "da sauƙi" da ake yi wa mutum har sai an miƙo masa gawa.

An yi masa wankin ƙoda sau biyu, kuma a nan akwai abin gyara. Na'urar wankin tana wani gini dabam, don haka sai an tura majinyacin da ba ya cikin hayyacinsa a kan gado mai taya ta cikin iskar hunturu, da tukunyar oksijin a tsakanin ƙafafunsa. Ɗakin gwaje-gwaje ma yana da jinkiri, domin sakamakon INR da ake so sau biyu a rana yakan ɗauki awa bakwai ko takwas, kuma wata rana an ce sinadarin gwajin ya ƙare, na ɗauki jinin da kaina zuwa wani ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari. Komai sai an biya kafin a yi, kuma wurin biyan kuɗi guda ɗaya ne yake aiki da dare, ga layi, ga na'urar cirar kuɗi da ke yawan ƙin aiki. Ban ga laifin tsadar gadon ba idan na dubi aikin da ake yi a kansa, ko da yake sai da muka sayar da filin ƙanena na hanyar Dukku, amma ba daidai ba ne a riƙe gwajin gaggawa saboda rasit. Masu jinya kuma ba su da wurin kwana, a kan tabarma muka yi dare tara a baranda, sanyi da sauro suna rabon mu.

A kwana na biyar INR ya fara sauka, kuma na gane hakan daga fuskar ma'aikaciyar jinyar tun kafin ta buɗe baki. A na shida ya buɗe ido ya ce mini, "Yaya, wa ke kula da aikin ginin?" A na bakwai fitsari ya dawo, aka tsayar da asetilsistin bayan INR ya sauko ƙasa da 2, a na tara kuma aka mayar da shi ɗakin maza, inda ya ƙara mako guda. Likitar ta gaya mana cewa hanta tana da baiwar sake gina kanta, kuma wanda ya tsallake wannan guba yawanci hantarsa takan warke sarai ba tare da tabo mai ɗorewa ba. Gwajin da aka yi masa bayan mako shida ya tabbatar da haka. A ranar sallama an yi mana bayani da baki cewa ya guji barasa da jiƙe-jiƙe da haɗin kemis, ya riƙa karanta abin da ke jikin kowane kwalin magani, amma ba a ba mu ko rabin takarda a rubuce ba, alhali matarsa ce za ta kula da shi kuma ba ta wurin a lokacin.

Idan aka tambaye ni ko zan kai wani nawa wannan sashe, zan kai shi ba tare da jinkiri ba, domin likitocinsa sun san cutar, ma'aikatan jinyarsa ba sa barci a bakin aiki, kuma ana gaya wa dangi gaskiya cikin mutunci. Amma zan tafi da duk ledojin maganin da majinyacin ya sha, zan tafi da kuɗi a hannu, kuma tun a ƙofar ɗakin gaggawa zan tura wani ya fara neman asetilsistin a gari, ba zan jira a rubuta mini takarda ba. Haƙorin da ya jawo duk wannan an cire shi a wata na biyu, bayan an tabbatar jininsa yana daskarewa daidai, kuma aikin bai kai minti ashirin ba. A ranar da muka koma ganin likita na ƙarshe, na bi ta kantin maganin asibitin na tambaya ko yanzu suna ajiye asetilsistin, sai mai ba da maganin ya duba littafinsa ya ce an rubuta buƙatarsa, ana jiran a sa hannu.